Ƙwayar da na ɓoye a cikin safa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jujjuya wannan labari a raina kafin in yarda in rubuta shi. Ba zan kama sunan kowa a cikin mutanena ba, har da nawa, domin duk suna raye, kuma wanda na fi cutarwa ya riga ya yafe mini. Abin da ya tunzura ni shi ne wani yaro cikin waɗanda nake koya wa tseren keke. Kwanan baya ya same ni ina ɗaure masa birki, ya rage murya ya ce, "Baba, wai da gaske akwai ƙwayar da in mutum ya sha ba ya jin ciwon cinya?" Na ce masa ya dawo gobe. Daren nan ban runtsa ba.

Ni Bahaushe ne haifaffen Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Unguwarmu ita ce Zangwatin, zangon da kakanninmu fatake suka kafa a tsakiyar gari. Mahaifina goro yake sayarwa. A 2003, ina ɗan shekara 13, abu biyu suka faɗo mana a shekara guda: babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, sannan aka rushe unguwarmu saboda sabon tsarin birni, muka koma can bayan gari. Daga nan kai goro wajen masu saye ya zama aikina. Kullum in ɗaure huhu a bayan tsohon keken Baba, in shiga gari, in dawo, wata rana sau biyu. A nan cinyata ta yi ƙwari ban sani ba.

Wanda bai san Burkina ba zai yi mamakin yadda ake son keke a ƙasar. Tun 1987 ake yin tseren da ake kira Tour du Faso, a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kwana goma ana zaga ƙasa, fiye da kilomita dubu. A 2005 ɗan ƙasa, Jérémie Ouédraogo, ya lashe shi, kuma ina cikin cincirindon da ya tsaya bakin titi ranar ƙarshe. Iskar da ayarin masu keken ya kwaso lokacin da ya wuce ta gabana, da ƙarar sarƙoƙinsu kamar tarin ƙudan zuma, su suka tafi da hankalina. Na fara bin 'yan tsere idan sun fito atisaye, ina manne da su da keken goro har numfashina ya ƙare. Wata rana mai horar da su ya tsayar da babur ɗinsa ya tambaye ni ɗan gidan waye.

Baba bai so ba. Ya ce ɗan Musulmi ba ya yawo a titi da wandon da ya ɗame shi. Sai da aka yi shekaru, na fara shigowa gida da ɗan abin da na ci a tseren ƙarshen mako, na sayi buhun shinkafa, na biya kuɗin makarantar ƙannena, sannan ya sassauta. Ƙungiyar da ta ɗauke ni tana ba ni ɗan albashi da keke, kuma yarjejeniyar shekara-shekara ce. In ka yi ƙoƙari a sabunta, in ba haka ba akwai yara goma da ke jiran sirdinka. A 2014 aka sa sunana cikin waɗanda za su shiga babban tseren, sai aka soke shi saboda tsoron cutar Ebola. Na yi kuka a ɓoye. Da sunana ya sake fitowa, na riga na yi aure, matata tana goyon 'yarmu ta fari, kuma na ɗauka a raina cewa wannan dama ita ce ta ƙarshe. Ranar tafiya Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya tsare. Kada ka dawo mini da abin kunya."

Mutane suna ganin sa'o'i uku ko huɗu da muke kan titi, sauran yinin ba sa ganinsa. Kafin ƙarfe biyar na asuba an buga mana ƙofa. In yi sallah, in zauna gaban farantin shinkafa ko taliya da burodi da ƙwai, in ci ba don yunwa ba, domin dole abincin ya sauka awa uku kafin a tashi. A kwana na farko kana ci da marmari. A na shida kana tura shi ne kamar magani. Sai ka maƙala lambarka a bayan riga da fil, ka shafe cikin wando da mai saboda gogar sirdi, ka cika aljihun baya da ayaba da burodi mai zuma, ka hau dandamali ka sa hannu a takardar alƙalai. Ana sakin mu da hantsi don a iso kafin rana ta take tsaka. Kowane yini zango ɗaya ne, daga wannan gari zuwa wancan, kilomita ɗari da wani abu. Ana tara lokacin kowa zango bayan zango, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa rigar rawaya.

Idan an iso kuma ba hutu ba ne. Ka yi wanka, ka wanke rigarka da wandonka a bokiti da hannunka, ka ci abinci, a loda ku a bas zuwa garin da za a tashi gobe, kayanka na shanye a tagar mota. Da yamma mai tausa ya murje maka cinya da sha-raɓa, bakanike yana waje yana wanke kekuna shida yana duba sarƙa da taya har dare. Ni nakan haɗa azahar da la'asar, in yi ƙasaru. Bayan isha'i mai horarwa ya tara mu a ɗaki ɗaya da takardar sakamako, ya ce gobe iska za ta fito ta nan, wane ka kula da wane. Sai ka kwanta ka jingina ƙafafu da bango, zuciyarka tana bugawa kamar har yanzu kana kan hanya.

Mu shida ne a ƙungiya, kuma ba dukanmu muka zo neman nasara ba. Akwai mutum ɗaya da sauran biyar suke wa aiki. Ni a raina madugu nake kiransa, a baki kuma Yaya, don ya girme ni da shekara shida. Ɗan ƙabilar Mosi ne, mutum mai shiru, shi ya koya mini yadda ake shan kwana ba a taɓa birki ba. Sirrin tseren keke iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, shi ya sa ake tafiya a dunƙule. Aikina in shiga gaban madugu in sha iskar a madadinsa, in tayarsa ta fashe in ba shi tawa, in kuma ɗauko ruwa. Ɗauko ruwa shi ne in ɗaga gora sama, in zame zuwa ƙarshen ayari, motarmu ta matso, in cusa gora biyar ko shida a cikin riga ta wuya da baya, sannan in sake ratsa mutum saba'in zuwa gaba ana gudun kilomita arba'in da wani abu a awa. A rana mai zafi nakan yi haka sau shida. Ba a kiran sunan mai wannan aiki a rediyo, amma ina son aikina, kuma na iya shi.

A rana ta uku aka bi da mu wani yanki na hanyar burji. Jar ƙura ta tashi har ba ka ganin bayan wanda ke gabanka. Wani ya zame, mu kusan goma muka hau kansa. Na tashi na ga wandona ya yage daga ƙugu zuwa gwiwa, fatar wajen babu ita, tsakuwa ta shige cikin nama. Na hau keke. Na kama tagar motar likita da hannu ɗaya ana tafiya, ya fesa mini magani ya naɗe, na koma ayari. Kowane ɗan tsere ya san wannan, ba abin a-zo-a-gani ba ne. Dare shi ne matsalar. A Bobo Julaso muka kwana, zanin gado ya manne da ciwon, in na juya sai ya ɓare. Da asuba taimama na yi, na yi sallah a zaune. Kwatangwalona ya kumbura har ba na iya ɗaga ƙafa in tsallake sirdi sai na kwantar da keken.

Likitan tsere ya tambaye ni, mai horarwa ya tambaye ni. Na ce musu lafiya lau. A nan na fara kuskure, tun kafin in ga ƙwaya da idona. Tsoro nake ji a ce in sauka, a ce yaron zango ba shi da ƙashi, yarjejeniya ta tafi. Wani ɗan tsere na wata ƙungiya ya ga yadda nake ɗingishi a farfajiya, ya ja ni gefe ya ce in je tasha in nemi tramol, ai ba ya cikin jerin abubuwan da aka hana. Gaskiya ya faɗa, a lokacin ba a hana shi ba, kuma da wannan maganar na rufe bakin zuciyata. Na saya a hannun mai tallar magani a faranti. A jikin katin an rubuta 225. Sai daga baya na san cewa ƙwayar da ake bayarwa a asibiti miligiram 50 ce, kuma da takardar likita. Na naɗe katin na tura cikin safar da ba na sawa, a ƙasan jaka. Da ma halal ne a wurina, me ya sa na ɓoye? Wannan tambayar ta zo mini tun a daren, na kawar da kai.

Rabi na sha da safe. Kafin a yi kilomita ashirin ciwon ya ja baya, ina jinsa can nesa kamar a jikin wani yake. A zangon Banfora, tsakanin gonakin rake, na yi tuƙin da ban taɓa yin irinsa ba. Na ja ayari na tsawon lokaci, na mayar da madugu gaba bayan tayarsa ta fashe, ya shiga cikin goman farko a jimilla. Da dare mai horarwa ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce ga namijin duniya. Har yau in na tuna wannan yabo sai in ji kunya ta rufe ni.

Rabi ya koma ɗaya, ɗaya ta koma biyu, ɗaya da asuba ɗaya a aljihu. Bakina ya bushe komai ruwan da na sha. Abinci ya fara tayar mini da zuciya, na riƙa tura rabin farantina ga abokin ɗakina. Kwana uku ban zaga ba. Da dare barci ba ya zuwa sosai, da rana kuma a kan keke sai in ji kaina ya yi fayau, hanya tana nisa tana matsowa. A hanyar Boromo na miƙa wa wani gora na sake ta kafin ya kama. Na ce gajiya ce.

Rana ta takwas muka nufi Wahiguya, a arewa. Ƙasar can fili ce fetal, iskar hunturu ta fara kaɗawa, tana dukanmu ta gefe. In iska ta zo ta gefe ba a laɓewa a bayan mutum kai tsaye, sai a jeru a karkace daga wannan bakin titi zuwa wancan, kuma titi mutum kaɗan yake ɗauka. Wanda bai sami gurbi ba iska ta yanke shi, ayari ya tsinke gida uku, mutum ya yi asarar mintunan da ba zai sake maido su ba. Kowa ya san haka, don haka kowa yana kokawar gaba. Na kai madugu cikin jerin farko. Tsakanin tayata da ta wanda ke gabana bai fi tafin hannu ba, madugu kuma yana manne da ni haka nan. Muna gudun da ya kusa hamsin.

Gyangyaɗi na yi. Ba ni da wata kalmar da zan sa masa. Idona a buɗe yake ko a rufe ban sani ba, amma na bar wurin na ɗan ƙiftawa, da na dawo tayata ta gaba tana gogar ta mutumin. Na faɗi, madugu ya bi ta kaina. Na ji ƙarar kekensa, na ji wata ƙara da ba ta ƙarfe ba. Da ƙura ta lafa na gan shi zaune a bakin kwalta, ya rungume hannunsa na dama a ƙirji, kafaɗar ta sauko. Duk mai tsere ya san wannan zaman: ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye. Na rarrafa wurinsa ina cewa, "Yaya, Yaya." Ya dube ni, fuskarsa duk ƙasa, ya ce, "Ƙanena, tsere ne. Hau ka tafi."

Na hau. Na yi tafiya ni kaɗai a cikin iska, 'yan makaranta a ƙauyuka suna ta tafa mini ba su san komai ba. A bayan kowane tsere akwai motar da ake kira motar tsintsiya, ita ke kwashe waɗanda suka gaza. Ina jin injinta a bayana kusan awa guda. Jikina zai iya kaiwa, don ƙwayar tana aiki. Zuciyata ce ta ƙi. Na taka birki a gindin wata kuka, alƙali ya sauko ya cire fil huɗu ya zare lambata daga riga, aka ɗora kekena a sama. Saura kwana biyu a shiga Wagadugu.

Kowa ya ɗauka tsautsayi ne, ni kuma na bar su a haka. Na dawo gida da niyyar jefar da sauran katin. Kwana ɗaya ban sha ba sai zufa, ciwon gaɓoɓi, hamma, gudawa, ƙafafuna suna motsi da kansu a shimfiɗa. Na sha ɗaya, komai ya lafa. Ciwon kwatangwalo ya warke cikin wata guda, ni kuwa na shekara biyu ina sha. Na fara fashin atisaye, aka ƙi sabunta mini yarjejeniya, kuma ba su zalunce ni ba. Na koma dakon kaya da babur mai ƙafa uku, rabin abin da na samu yana tafiya wajen mai faranti. Na sayar da takalman tserena, na sayar da hular kwano. Na zama mai faɗa a gida. Matata takan tambaye ni, "Maigida, me ke damunka?" in ce mata ba komai. Idan lokacin tsere ya zagayo nakan bar gari in ƙi kunna rediyo.

Ƙarshen abin a tsakar gida ya same ni. Ina zaune 'yata tana wasa da yatsuna, sai na farka na ga kaina a ƙasa, harshena a tsage, mata sun taru, yarinyar tana tsala ihu a bayan uwarta. Farfaɗiya ce ta buge ni, kuma yawan tramol yana jawo ta. Inna ce ta sa aka kai ni asibiti. Da likita ya tambaye ni abin da nake sha, Inna tana zaune a gefen gado, na buɗe baki na faɗa a karo na farko. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce tsayawa farat ɗaya yana da haɗari, za a riƙa rage mini a hankali a ƙarƙashin kulawarsu. Watannin da suka biyo baya sun fi kowane zango da na taɓa tuƙawa tsawo. Matata ce take riƙe da maganin da kuɗin gida, ni na roƙe ta. Sau ɗaya na koma ruwa, na dawo na gaya mata da bakina, muka sake farawa.

Baba bai ce mini komai ba har kwana arba'in. Wata asuba bayan mun fito masallaci ya ce in raka shi. Muna tafiya ya ce, "Maganar da na yi maka ranar tafiyarka, ita ta hana ka saukowa?" Na yi shiru. Ya ce, "Da ka dawo da ɗingishi a rana ta huɗu, da ni zan fara tarbarka." Bai ƙara ba, ni ma ban iya amsawa ba.

Zuwa wurin madugu shi ya fi mini nauyi. Kafaɗarsa ta haɗu, amma shekaru sun riga sun ja, bai sake samun wata dama irin waccan ba. Na same shi a shagonsa na kayan babur, na zauna a benci na gaya masa komai, tun daga tashar Bobo har iskar Wahiguya. Ya daɗe yana juya wata sukurudireba a hannu. Sannan ya ce, "Ƙanena, tun a Banfora na ga idonka. Na san mutum mai irin ciwonka ba ya tuƙi haka. Ban tambaye ka ba, domin ina bukatar ka a gabana." Muka zauna mu biyu muna hawaye, masu saye suna tsaye suna jira.

Daga 1 ga Maris 2019 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta tramol a lokacin gasa, kuma dalilin da ta bayar shi ne abin da ya same ni: jiri, gyangyaɗi, raguwar natsuwa a cikin ayari, da kamuwa da shi. Ɗigon jini ake ɗauka a ɗan yatsa a gwada. A 2022 an soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya, wanda ya zo na shida a Tour de France, babban tseren keke na Faransa, saboda an sami ƙwayar a jininsa. Daga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta faɗaɗa haramcin zuwa dukan wasanni. Na ji daɗin dokar, amma a tashoshinmu, daga nan har Maraɗi da Kano, masu shan ta ba 'yan tsere ba ne kawai. 'Yan dako ne, da masu haƙar zinariya, da manoma, da direbobi, duk mai son jikinsa ya yi shiru ya bar shi ya yi aiki.

Yanzu ina da rumfar gyaran keke, kuma yara tara suna fitowa atisaye tare da ni kafin makaranta. Zamaninsu ya fi namu buɗewa. Sun ga Biniam Girmay na Eritiriya ya ci koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, a Tour de France a 2024, sun ga an yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, a 2025, karo na farko a Afirka. Sharaɗina da su ɗaya ne: duk wanda ya faɗi, ni zan duba ciwon da idona, kuma in na ce ya huta mako guda, gurbinsa yana nan yana jiransa.

Yaron nan ya dawo da safe kamar yadda na ce. Na tara su duka a rumfa, na naɗe ƙafar wandona na nuna musu tabon, daga ƙugu har gwiwa, na ba su labarin kamar yadda na ba ku, ban rage komai ba. Da na gama, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce wani ne a unguwarsu ya ba shi guda biyu, suna cikin jakar makarantarsa, bai sha ba tukuna. Na ce ya ɗauko. Ya kawo su a naɗe cikin takardar littafi, muka je tare muka jefa a masai. Ranar Juma'a zan je in ga mahaifinsa, shi yaron ne ya ce in zo.